Filin Mata: Sauya Wa Bashi Gida Ba Biya Ba Ne

Yau zancenmu na Ingila ne, inda uwargida kan yi cefane da katin bashi, banki ya biya mata, ita kuma ta biya banki daga baya. Katin Barclaycard ne ya fara fitowa can a 1966. In wata ya ƙare ba ta biya duka ba, sai a ɗora mata ruwa, sau da yawa fiye da kashi 20 cikin ɗari a shekara.

To, akwai dabara. Wani banki kan karɓi bashin nan ya mai da shi kan sabon kati, ya ce ba ruwa sai bayan wa'adi kaza. Amma akan biya lada, kamar kashi 3 cikin ɗari. Misali ana bin ki fam 1,200, wa'adi wata 12. Lada fam 36 ke nan, jimla fam 1,236. In kina biyan fam 103 kowane wata, kin fita sarai.

Sai dai ki yi hattara da abu uku. In kika tsallake biyan wata guda, ana iya janye wannan sauƙi. In kika yi sabuwar sayayya da katin, galibi akwai ruwa. In wa'adi ya cika da saura, ruwa ya hau kansa.

Saboda haka, 'yar'uwa da ke can, ki zauna da maigida ku yi lissafi tukuna, ki kulle tsohon katin a akwati. Sai mako mai zuwa.