Araha ba ta ado: kada ka yi cinikin biri a sama da lafiyar iyalinka

Ɗan'uwa manomi na bakin Komadugu,

Maganarmu ta yau ta magani ce, wanda kake saya in kai ko wani naka ya kwanta. Kai ma ka san yadda abin yake. Likita ya rubuta maka takarda, ka je farmasi a Diffa ko Maine Sorowa, an faɗa maka kuɗi, gabanka ya faɗi. Sai wani ya ja ka gefe ya ce: "Me za ka ɓata kuɗinka? Irinsa yana nan a kasuwa rabin wannan kuɗi." Ko kuwa ya ce akwai direban da zai taho maka da shi daga Damasak ko Maiduguri. Yanzu har wata sabuwar hanya ta fito. Yaronka mai salula zai nuna maka hoton kwalin magani a Facebook ko WhatsApp. Mai tallar ya ce daga Indiya ko Dubai yake kawowa, ka aika kuɗi, a sa maka a mota.

Ra'ayinmu a kan wannan a fili yake. Maganin da ba ka san hannun da ya fito ba ya fi kowane magani tsada, ko da kyauta aka ba ka. Bari mu faɗi dalili.

Mun san halin da ake ciki

Ba wanda zai ce kukanka ba shi da tushe. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994 kuɗin maganin da ake kawowa daga waje ya yi tsalle. A nan jiharmu kuma, tun harin da aka kai Boso da Diffa a watan Fabrairu na 2015, mutane da yawa sun bar garuruwansu, gidajen likita da dama sun rufe, an yi shekaru kasuwar tattasai da ta kifi suna tsaye. Ga kuma naira a aljihun kowa, ga Najeriya a tsallaken ruwa. Wanda ya nemi sauƙi bai yi laifi ba. Abin tambaya shi ne, sauƙin na gaskiya ne?

Ido ba ya gane magani

In ka je sayen gero kana damƙa ka duba. In rago ne kana taɓa ƙirjinsa, ka buɗe bakinsa. Tattasai ma mai saye sai ya kwance buhu ya ga launi. Amma ƙwayar magani fa? Ta gaskiya fara ce, ta jabu ma fara ce. Wata garin alli ne aka dunƙule. Wata akwai magani a ciki, amma kaɗan. Wata kuwa abin da ke ciki dabam ne da abin da aka rubuta a kwali. Masu wannan sana'a sun ƙware wajen buga kwali da hatimi, har da lambar hukuma.

Ga abin da ya faru a ƙasarmu. A 1995 an yi babbar annobar sanƙarau a Nijar, fiye da mutum 40,000 suka kamu. Cikin gudummawar allurar rigakafi da ta shigo daga Najeriya aka sami ta jabu, babu magani a cikinta. Kafin a gane, an riga an yi wa fiye da mutum 50,000. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce mutum 2,500 suka rasu sanadin haka. Da sanƙarau ya sake tashi a 2015, allura ta yi ƙaranci, mutane suka yi ta rububin saye da kuɗinsu, sai ga ta jabu ta sake ɓulla, har OMS ta yi shela a kai.

A 2012, a tashar jirgin ruwa ta Luwanda, ƙasar Angola, 'yan duwan sun kama kwali miliyan 1 da dubu 400 na Coartem na jabu, wato maganin masassarar cizon sauro da kai ma ka sani. An ɓoye su ne cikin lasifikoki. A 2017 OMS ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu, cikin magani 10, guda 1 ko jabu ne ko kuwa bai cika ba. Game da na intanet kuma, hukumar ta taɓa bayyana cewa fiye da rabin maganin da ake saya wurin masu talla da ke ɓoye adireshinsu jabu ne.

To, lura da abu ɗaya. A 1995 ma'aikatan lafiya ne suka gano cutar. Sun ga allurar ba ta yi musu daidai ba, aka bi lambar da ke jikin kwalba, aka tambayi kamfanin da aka sa sunansa, gaskiya ta fito, aka tsai da aikin. Magani in ya biyo hanyar hukuma yana da sawu, in ya ɓaci ana iya bin sawun a janye shi. Wanda aka aiko maka ta salula fa, sawun wa za ka bi? Lamba ce kawai, gobe ka kira ka ji ta a kashe. Shi ne Bahaushe ke kira cinikin biri a sama.

Wani zai ce: "Ai na farmasi ma daga Indiya yake zuwa." Gaskiya ne. Magunguna masu kyau da yawa a Indiya ake yin su, a Najeriya ma akwai kamfanoni na ƙwarai. Su kansu 'yan'uwanmu na Najeriya sun sha wahalar masu jabu, shi ya sa suka kafa hukumar NAFDAC a 1993 don ta yaƙe su. Ba ƙasa muke zargi ba. Hanyar da magani ya biyo har ya iso hannunka ita ce abin dubawa.

Rana ma tana kashe magani

A ce ma maganin na gaskiya ne. Yawancin magunguna ana so a ajiye su a inuwa, inda zafi bai wuce digiri 30 ba. A Diffa kuwa, watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce 40. Ka dubi maganin da ya kwana biyu a bisan mota, ko wanda ke kan faranti daga kasuwar wannan gari zuwa ta wancan, rana tana dukansa. Kai da ka san abin da zafi da laima ke yi wa irin shuka, za ka gane. Iri yana nan da kamarsa, ka shuka bai tsiro ba. Haka magani yake mutuwa cikin kwalinsa.

Mu yi lissafi irin na manoma

Ba ka zuba gurɓataccen mai a injin ban-ruwa don ka rage dala ashirin, domin ka san kuɗin gyara ya fi abin da ka rage. A ce ka rage jika ɗaya wurin sayen maganin masassara. Yaro ya sha kwana uku, jiki bai yi sauƙi ba. Ka sake sayen wani. Ran na biyar ya fara suma, jininsa ya ƙare. Yanzu sai kuɗin mota zuwa babban asibitin Diffa, sai neman mai ba da jini, sai kwana bakwai kana jinya, lambu ba mai ban-ruwa. Jika ɗayan nan ta ci buhun tattasai. Wannan ma in Allah ya sa an kai shi da wuri ke nan.

Akwai kuma hasarar da ta shafi gari duka. Ka san in ka yi feshi da maganin ƙwari wanda aka tsinka da ruwa da yawa, ƙwarin ba sa mutuwa, sabawa suke yi. Ƙwayoyin cuta ma haka suke. Dattawa sun tuna lokacin da Nivakin ke sauke masassara. A hankali cutar ta saba da shi, har a 2005 Nijar ta sauya shi da sabon magani. Duk wanda ke shan maganin da bai cika ba, ko yake sayen kafso biyu ya sha ya bari, yana koya wa cuta yadda za ta gagari maganin da ya rage mana.

Kada mu manta da Tramol. Wanda likita ke ba mai ciwo mai tsanani miligiram 50 ne ko 100. Wanda ke yawo a kasuwa har da mai 200 da 225. Samari suna sha wai don su yi noma ba gajiya. Ƙarshensa sai faɗuwa kamar mai farfaɗiya, sai mutum ya kasa tashi aiki in bai sha ba. Hannun da ke kawo Tramol shi ne ke kawo maganin da ake ce maka mai araha.

Araha ta gaskiya tana nan

Ga hanyoyin rage kuɗi waɗanda ba su da haɗari.

Na ɗaya, a auna kafin a sha. Ba kowane zafin jiki ne masassarar cizon sauro ba. A gidan likita ana ɗiban ɗigon jini a yatsa, cikin minti 20 a san gaskiya. Sayen maganin ciwon da ba shi ke damunka ba, zubar da kuɗi ne.

Na biyu, ka roƙi manjo ko likita ya rubuta maka jenerik. Jenerik magani ne mai sunan asali, ba sunan kamfani ba. Aikinsu ɗaya da mai kwali mai ado, kuɗinsa kuwa ƙasa yake ƙwarai. Ƙasarmu tana da ma'aikatar ONPPC tun 1962 don sayo magani da rarraba shi, akwai kuma ɗakin awo na LANSPEX a Yamai inda ake gwada ingancinsa. In ka je farmasi ka tambaya: "Akwai jenerik ɗinsa?" Ba abin kunya ba ne. In kuɗinka bai kai ba, ka gaya wa likita gaskiya, ya nuna maka wanda ya fi zama dole a cikin takardar.

Na uku, ka karɓi abin da yake haƙƙinka. Tun 2006 doka ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati. Da damina ma'aikata suna raba wa yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin masassara wata-wata, ba a biyan ko dala. Allurar rigakafi ta yara ma kyauta ce. Labarin 1995 kada ya hana ka kai ɗanka. Abin gudu shi ne allurar da wani ya ciro daga jaka ya ce ka biya.

Na huɗu, mai hawan jini da mai ciwon suga su ne aka fi ruɗa da tallar salula, don maganinsu na kullum ne. Su ne kuma suka fi bukatar awo, domin likita yana ƙara magani ko ya rage bisa ga abin da awo ya nuna. Wanda bai taɓa ganinka ba, yaya zai san adadin da ya dace da kai?

Na biyar, ka yi aiki da karatunka. Wahalar da ka sha a ajin yaƙi da jahilci ga ranarta. A jikin kwali ka nemi haruffa uku, EXP. Lambobin da ke biye su ne wata da shekarar da magani zai mutu. In ka ga 03/2027, watan Maris ke nan na 2027. In lokacin ya wuce, ko an kankare wurin, ko an ba ka ƙwayoyi tsirara a ƙullin leda, kada ka karɓa. Ka karanta wa maƙwabcinka da bai yi karatu ba. Amma ka tuna, mai jabu ma ya iya buga kwanan wata. Karatun kwali ba ya maye gurbin saye a wurin da ya dace.

Na shida, ka sha magani har ya ƙare yadda aka ce. Coartem kwana 3 ne, safe da yamma. Kada ka ji sauƙi ran na biyu ka ɓoye sauran don wani.

Ke ma uwargida, maganar ta shafe ki, don ke ce ke kwana da yaro in jikinsa ya yi zafi. In mai faranti ya shigo gida da sirop na yara, ki ce masa Allah ya ba da kasuwa. Ki goya ɗanki ki kai shi a duba.

Abin da gari zai yi tare

Za ka ce: "Mun je gidan likita an ce babu magani." Wannan yana faruwa, kuma shi ne babban abin da ke tura mutane wurin masu jabu. Amma kowane gidan likita yana da kwamitin mutanen gari masu lura da kuɗi da magani. Ka san wakilin garinku? Ku tambaye shi ranar taro: me ya shigo, me ya ƙare, yaushe aka aika neman wani? In shiru ya yi yawa ku kai magana wurin maigari da magajin gari. Mu ma muna kira ga shugabannin kiwon lafiya na jiha da su dubi garuruwan bakin kogi da matsugunan 'yan gudun hijira. Muddin kantar gidan likita ba komai, mai faranti ba zai rasa kasuwa ba.

Wata shawara kuma. Ciwo ya fi yawa da damina, lokacin da aljihu ya bushe. Kuɗi kuwa lokacin tsinkar tattasai yake zuwa. Me zai hana ƙungiyarku ta manoma, ko adashin mata, ku ware wani abu kaɗan daga kowane buhu ku yi asusun lafiya? Wanda ciwo ya sama ya ranta, ya biya bayan kaka. Ana ware iri tun ranar girbi don shukar baɗi. Kuɗin magani ma haka ya kamata a yi masa.

Ɗan'uwa, ka karanta wannan takarda a dandali, ka karanta ta a gida, musamman ga samari masu salula. Lafiya uwar jiki ce. Wanda ba ka yarda ka ba shi ajiyar akuyarka ba, kada ka ba shi ajiyar ran ɗanka.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya sa albarka a ruwan Komadugu. Amin.