Cacar da ta shige wayar yaranmu



Sana'ata POS da cajin waya a garin Gaya, kuma abin da na gani da idona ne ya sa na rubuto. Kwanan baya wani yaro daga wani ƙauyen Ajingi, ƙafarsa fututu da ƙurar gona, ya miƙo min kuɗin ƙwadagon cirar gyaɗa, ya ce in tura wa mai sayar masa da kuɗin wasan ƙwallo na waya. Na tura. Ya tsuguna jikin benci ya buɗe akwatin da ya saya a cikin wasan, hannunsa har rawa yake. Ɗan wasan da yake nema bai fito ba. Ya ɗago ya ce, "Yaya, in na ƙara ɗaya zai fito." Gabana ya faɗi, don a bakin 'yan caca na saba jin wannan magana.

Kyauta ake sauke wasan. Sai yaro ya saba, ya ga ƙungiyar abokinsa ta fi tasa ƙarfi, sannan a nuna masa akwati a rufe, ga agogo yana ƙirga masa lokaci. Guminsa zai ba da a kan abin da bai san me ke ciki ba. Mu a kasuwa ba a cinikin biri a sama.

Wasu ƙasashe sun farga. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna caca ne, har kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin wasan FIFA a can a 2019. A Amurka kuwa, a Disambar 2022, kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite ya amince ya mayar da dala miliyan 245 ga waɗanda aka yaudara suka yi sayayyar da ba su yi niyya ba. 

Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, amma wannan shagon a aljihun yaro yake. Ina roƙon hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta duba wannan ciniki, limamanmu na Gaya da Ajingi kuma su taɓo shi a huɗubar Juma'a, don iyaye da yawa sun ɗauka wasa ne kawai. Ni dai daga ranar na daina tura wa yaro irin wannan kuɗi sai na ji daga bakin mahaifinsa.

Wassalam,
Mai karatunku daga Gaya, Jihar Kano