Gas Ba Sama Yake Tashi Ba, Ƙasa Yake Bi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, jihar Gadarif ta cika da baƙi, mu ma nan Shuwak mun samu rabonmu. Ɗaki ɗaya ya zama makwanci, madafa da ma'ajiya: tukunyar gas a lungu, jarkar fetur a ƙarƙashin gado don gudun wahalar mai, yara kwance kan tabarma.

Da yawa suna zaton gas idan ya tsiyaye tashi yake kamar hayaƙi. Ba haka ba ne. Gas ɗin girki ya kusa ninka iska nauyi, tururin fetur ya fi haka. Sai ya kwanta ƙasa, ya malala kamar ruwa, ya nemi gangara, ya taru a kwata da rami da tsakar ɗaki. Da rana zafin ƙasa yana motsa iska ta watsa shi. Daga dare zuwa asuba kuwa, ƙasa ta huce, iska ta lafa, sai ya zauna wuri ɗaya. A lokacin ne uwargida take ƙyasta ashana don shayi.

Darasin ba sabo ba ne. Ranar 21 ga Agusta, 1986, iska mai nauyi ta fito daga tafkin Nyos na Kamaru da dare, ta bi kwari, ta kashe mutum fiye da 1,700, da yawansu suna barci. Ranar 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa a Najeriya, jama'a suka taru kwasar man da ya gangara lambatu, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Ba sai wuta ta taɓa mai ba, tururinsa ke zuwa ya same ta.

'Yan uwa, kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a biyar, kuma aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa ga halaka. Sakaci ba tawakkali ba ne.

Idan an ji warin gas, kada a taɓa makunnin lantarki. A rufe kan tukunya, a ɗauke yara daga ƙasa, a buɗe ƙofa, domin taga tana sama, gas yana ƙasa. A waje, a hau tudu, a nufi inda iska take busowa. Fetur kuma ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutum.

Muna roƙon limamai su isar da wannan ranar Juma'a. Allah Ya tsare mu, Ya dawo da zaman lafiya ƙasar Sudan.