Takardar umurni ba ta kashe fitila

Masu iya magana sun ce hali zanen dutse ne. Duk wanda ya taɓa riƙon wata ma'aikata ko babban kanti ya san gaskiyar wannan magana: a rubuta takardar umurni, a buga mata hatimi, a manna ta a ƙofar kowane biro cewa a kashe fitilu da na'urorin sanyi in an tashi aiki, amma bayan sati biyu kowa ya koma gidan jiya. Ƙarshen wata kuma takardar kuɗin wuta ta iso, babu ragi.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna binciken dalilin haka. Abin da suka gano shi ne, yawancin ma'aikata sun san ɓarna ba ta da kyau. Abin da ke tafiyar da su shi ne sabo, da kallon abin da na gaba da su ke yi.

Ƙasar Japon ta jarraba wannan a shekarar 2005. Gwamnati na son rage wutar da ake ƙonewa wajen sanyaya ofisoshi, sai ta tsayar cewa a bar na'urorin sanyi a kan digiri 28 daga watan Yuni zuwa Satumba. Amma ministar muhalli ta lokacin, Yuriko Koike, ta lura da inda gizo ke saƙa: ma'aikacin Japon ba ya zuwa aiki sai da kwat da ƙyallen wuya, kuma ƙaramin ma'aikaci ba zai tuɓe nasa ba muddin maigidansa na sanye da su, don kada a ce ya yi rashin ladabi. Mai kwat kuwa dole ya nemi sanyi mai yawa.

Saboda haka aka fara daga sama. Faraminista Junichiro Koizumi da ministocinsa suka riƙa fitowa gaban jama'a da riga mai sauƙi, manyan shugabannin kamfanoni suka bi sahu. Aka laƙaba wa shirin suna Cool Biz. Da na ƙasa suka ga na sama sun tuɓe, kunya ta kau. Ma'aikatar muhalli ta ƙiyasta cewa a shekarar farko kaɗai an rage hayaƙin da ke ɗumama duniya da wajen ton 460.000. Masu ɗinkin ƙyallen wuya sun yi kukan cinikinsu ya faɗi, su kuwa masu sayar da riguna marasa nauyi kakarsu ta yanke saƙa. A shekarar 2011, da haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima ya jawo ƙarancin wuta, an ƙara faɗaɗa shirin.

Wani darasin ya fito daga wata babbar jami'a ta ƙasar Suwed, a binciken da aka wallafa a 2016. An aika wa wasu ma'aikata saƙo ana roƙonsu su riƙa buga takarda gaba da baya don tattali. Roƙon bai canza kome ba. A wasu sassan kuwa ba a roƙi kowa ba, sai dai aka gyara injin bugawa ta yadda zai buga fuska biyu da kansa, in ba mutum ya zaɓi akasin haka ba. Nan take takardar da ake ci ta ragu da kashi 15 cikin 100, kuma ragin ya ɗore watanni. Ba a hana kowa zaɓinsa ba. Hanyar tattali ce aka mayar mafi sauƙin bi.

Sai dai dabarar tana da iyaka. A hedkwatar ƙungiyar OCDE da ke Paris, an rage ɗumin ofisoshi lokacin sanyi da digiri 1, mutane suka haƙura. Da aka rage da digiri 2, sai suka tashi suka murɗa na'urar da hannunsu, ribar ta zube. Ashe in aka matsa wa mutum fiye da kima, zai nemi hanyar kauce wa tsarin.

Ga daraktan da ke Yamai ko Tawa, da attajirin da ke da ma'aikata a Maraɗi ko Damagaram, inda zafin bazara ke sa na'urorin sanyi aiki ba hutu, maganar a fili take. Kuɗin wutar biro na gwamnati daga harajin talaka yake fita, na kanti kuma daga ribar mai shi. Kafin a sake rubuta wata takardar umurni, ya kamata shugaba ya duba abu uku: ko shi kansa yana kashe na'urarsa in zai fita, ko akwai mutum guda sananne da aka ɗora wa duba ɗakuna da maraice, da kuma ko ma'aikata sun taɓa ganin adadin kuɗin da ake biya kowane wata. Kayan da aka ce na kowa ne, ba mai tsaronsu. Kuma ma'aikaci ya fi karanta halin maigidansa a kan takardar da ke manne a bango.