Baƙo Raɓa Ne, Ciwo Kuwa Ɗan Gida

Na taɓa yi wa wata tawagar ƴan sa kai daga Amurka tafinta na kwana goma a ƙauyukan jihar Maraɗi. Cocinsu ce ta turo su. Likita ɗaya ne a cikinsu, sai nas biyu, sauran duk ɗalibai. Mutanen kirki ne, ban ga mugun nufi a wurin ko ɗayansu ba. Duk da haka ina cewa irin wannan zuwa ya isa haka.

Gwaggona tana cikin waɗanda suka bi layi. Aka auna ta, aka ce jininta ya hau, aka ƙulla mata ƙwayoyin wata guda a leda. Ni na fassara mata: ɗaya kullum da safe. Ba a rubuta mata takarda ba, ba a kuma sanar da majon asibitin garin ba. Da maganin ya ƙare sai ta ɗauka ta warke. Ba a yi shekara ba ɓarin jikinta ya shanye. Hawan jini ba zazzaɓi ba ne da ake kora da maganin kwana uku. Wanda ya fara shan maganinsa yana buƙatar mai bibiyarsa har ƙarshen rayuwa, baƙin kuwa sun riga sun hau jirgi.

Na kuma ga ɗalibar da a ƙasarsu ko allura ba za a bari ta yi ba tana ɗinke raunin yaro, ƙawarta na ɗaukar hoto. Wanda ke ganin abin wasa ne ya tuna da Renee Bach, Ba'amurkiyar da ba ta yi karatun likita ba amma ta buɗe cibiyar yara masu tamowa a Jinja ta Uganda. Yara 105 suka rasu a can. Iyaye mata biyu suka kai ta kotu a 2019, aka sasanta a 2020.

Gidan marayun da muka ziyarta ya fi damuna. Yara suka rugo suna maƙale wa baƙi, baƙi suna hawaye suna cewa ƙauna ce. Yaron da ke faɗawa jikin duk wanda ya shigo, yaro ne da aka saba tafiya a bari. Da na zanta da su, da yawa suka faɗa mini sunan garin da uwarsu take, da ranta. Talauci ne ya kawo su. A 2018 Ostireliya ta sanya tara yara a gidajen marayu don jan kuɗin baƙi cikin jerin bautar zamani. Mu da muka gaji riƙon maraya a gidan baffa ko kawu, yaushe muka koma nuna shi ga masu kyamara?

Za a ce da babu gara ba daɗi, kuma ni butulu ne. To, ga asibitin Galmi. Mishan ne suka kafa shi tun 1950, suka zauna, suka koyi Hausa, suka horar da ƴan ƙasa, har gobe ana aiki. Su ba wanda zai ce musu kanzil.

Mu ma da namu laifin. Muna cika layi don mun ga farar fata, muna raina majon da ke kwana da mu damina da rani, da ɗan abin da yake da shi.

Mai son taimako ya nuna wa ma'aikatar lafiya shaidar aikinsa, ya yi aiki a ƙarƙashin majo, ya bar sunan kowane majinyaci a rajista. In ba zai iya ba, ya aiko da kuɗin tikitin jirginsa a zuba magani a kantar asibitin ƙauye. Da an yi haka, da wataƙila yau gwaggona da ƙafarta take zuwa kasuwa.