Shagon Unguwa Ma Fagen Da'awa Ne

'Yan'uwa, da'awa ba a kan mumbari kaɗai take ba. Da Abdurrahman bin Auf (R.A.) ya isa Madina, bai karɓi rabin dukiyar Sa'ad bin Rabi'i ba, hanyar kasuwa ya nemi a nuna masa. Mai shagon da ke cika mudu, yake ɗaga wa marayu ƙafa kan bashin gero, mai wa'azi ne a aikace, ya cancanci mu riƙa ciniki da shi. A bakin shagonsa dattawa ke zama bayan La'asar, su sasanta ma'aurata, su gano gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Abin takaici, wasu ɗalibanmu kan wuce su ko sallama babu, wai 'yan gargajiya ne. Ashe ba su ne suka ba mu filin masallaci ba?