Kafin Ka Tambayi Wace Gangar Jikin Bindiga Ce Mai Arha Da Inganci, Karanta Wannan



Yau ba maganar saita waya ko rage cin data za mu yi ba. Maganar wani abu ce da wayar take kawo maka har cikin ɗaki. Idan kana yawan kallon YouTube ko TikTok, wataƙila ka taɓa cin karo da bidiyon wani Ba'amurke zaune a garejinsa, ya baje ƙarafuna a kan tebur, yana gwada maka wace gangar jikin bindiga ce mai arha kuma mai ƙarko, kamar yadda ake gwada Tecno da Infinix. Ka kalli ɗaya, washegari a turo maka biyar. Daga nan sai zuciya ta fara raya maka: to ni ma me zai hana, tunda masu ƙwacen waya sun addabi unguwa?

Ra'ayina a taƙaice shi ne: ga mutumin da yake zaune a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, wannan tambayar ba ta da amsa mai kyau. Mai arhar da mai tsadar duk hanya ɗaya suke kai mutum. Bari in faɗa maka dalili.

Me ya sa suke ta maganar wannan ƙarfen?

Gangar jikin bindiga ita ce ɓangaren da sauran sassa suke ɗauruwa a kansa. A dokar Amurka, wannan ɓangaren shi ake ɗauka a matsayin bindigar kanta, shi ne yake ɗauke da lamba, kuma shi ne dillali ba ya sayarwa sai an binciki mai saye. Shi ya sa kasuwa ta buɗe ta waɗanda ba a gama ƙerawa ba, marasa lamba, da mutum zai ƙarasa a gida. Ko a can ɗin ma abin ya zama rigima. A 2022 hukumar ATF mai kula da makamai ta fito da ƙa'idar da ta shigar da irin waɗannan kayan haɗin ƙarƙashin dokar bindiga, kuma a watan Maris na 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da ƙa'idar. Wato mai bidiyon yana magana ne a cikin dokar ƙasarsa, da mutanen ƙasarsa. Kai ba ka cikin lissafinsa.

Ido ba ya gane ingancin ƙarfe

Ka tuna ranar da ka je Farm Centre canjin sikirin. Mai gyara ya ajiye maka guda biyu, ya ce wannan orijina, wannan kwafi. Tsakaninka da Allah, ka iya bambancewa da ido? Sai bayan sati biyu, da tacin ya fara tsalle-tsalle, sannan ka san me ka saya. Wannan fa abu ne da ka riƙe a hannunka. To ina ga ƙarfen da hotonsa kawai ka gani a WhatsApp?

Ingancin ƙarfen bindiga yana cikin abubuwan da kyamara ba ta ɗauka: irin ƙarfen da aka narka, yadda aka gasa shi, da ko akwai tsaga a cikinsa wadda sai na'ura take gani. Shi ya sa Ingila ta kafa gidan gwajin bindigogi a Birmingham tun 1813, inda ake harba bindiga da ƙarfin da ya wuce na yau da kullum, a killataccen wuri, kafin a buga mata hatimi a yarda a sayar. Ƙasar da ta shekara ɗaruruwa tana ƙera bindiga ba ta yarda da idon maƙerinta ba, sai kai ne za ka yarda da sharhin wani da ba ka san ko kamfani ne ya biya shi ba?

Kuma ga bambancin. Caja mai arha in ta lalace, ka yi asarar kuɗi, in ta yi muni ta ƙona maka waya. Bindiga in ta gaza, a tafin hannunka take, kusa da idonka. Arha ba ta ado, in ji masu iya magana, amma a nan ba ado kaɗai take hanawa ba, har yatsu takan tafi da su.

Abin da dokar Najeriya ta ce

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau take aiki, ba ta bar ƙofa ba. Manyan bindigogi irin na yaƙi, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Na kare kai da farauta irin na zamani, sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Ko bindigar toka ta mafarauta tana da nata izinin daga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Game da ƙerawa kuwa, dokar ta haɗa ƙerawa da harhaɗawa da gyarawa ta hana, sai a wuraren da gwamnati ta amince. Ka lura da kalmar harhaɗawa. Ba sai ka narka ƙarfe ba, ɗaura sassa kaɗai ya isa laifi. Hukuncin manyan laifukan da ke cikinta yana farawa ne daga shekara 10 a gidan yari. Aikin ƙera makamai na ƙasa yana hannun DICON da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964.

A 2024 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar taƙaita ƙananan makamai, wadda ta ƙarfafa cibiyar da ke wannan aiki a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Shigo da kaya ma ba wasa ba ne. A watan Janairun 2017 Kwastam ta kama bindigogi 661 a Legas, a 2024 kuma ta kama 844 a tashar ruwa ta Onne da ke jihar Ribas. Idan kwantena ba ta tsira ba, ƙunshin da aka rubuta sunanka da lambar wayarka a kansa fa?

Mu da muke wannan yankin ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Babbar Kotun Tarayya tana nan kan Court Road. Asibitin Malam Aminu Kano yana nan kan titin Zariya. Wanda ya ɗauki wannan hanyar, ɗaya daga cikin biyun nan yake nufa, kuma duka ba sa buƙatar kuɗin adaidaita mai yawa.

Mai sayarwar ma waye?

Yi tunani. Wanda yake tallan haramtaccen kaya a Telegram ya san ba za ka iya kai ƙararsa ba. Ka tura kuɗi, ya toshe ka, wa za ka faɗa wa? Za ka je caji ofis ka ce an damfare ka wajen sayen kayan bindiga? Wani ma ba zai toshe ka ba, zai ajiye hirarku da rasit ɗin tiransifa, ya dawo yana tatsar ka da barazanar tona asiri. Kuma kada ka manta, asusunka yana haɗe da BVN, layinka yana haɗe da NIN. Goge hira daga wayarka ba ya goge ta daga wayar ɗayan.

Na san tsoron gaskiya ne

Ba zan raina damuwarka ba. Wanda aka taɓa tsare shi da wuƙa a lungu bayan isha'i ya san abin da yake ji, kuma gaskiya ne jami'an tsaro ba sa isa ko'ina a kan lokaci. Amma ka auna: mai ƙwace yana zuwa ne ba zato, cikin daƙiƙu. Bindigar da ke ƙarƙashin katifa ba za ta taimake ka a bakin titi ba. Abin da za ta yi shi ne ta zauna a gidan da yara suke wasa, a gidan da wata rana za a yi faɗa rai ya ɓaci. Kuma duk makamin da ba shi da lamba, ranar da aka sace shi, ya koma hannun mutanen da kake gudu.

Abin da ya fi maka amfani a daren nan

1. Danna *#06# ka rubuta lambar IMEI a takarda, ka ajiye tare da rasit da kwalin wayar.
2. Kunna manhajar nemo waya ta Google, ko Find My in iPhone kake riƙewa, don ka iya kulle ta ko goge ta daga nesa.
3. Sa wa layinka PIN. Asarar ba wayar kaɗai ba ce, har da kuɗin banki da ake kwashewa ta layin.
4. Ka san lambar toshe asusu ta bankinka, ka rubuta ta a wani wuri ba cikin wayar ba.
5. Ajiye 112 da lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa da kai.
6. Idan irin bidiyon nan ya fito, danna zaɓin da ke cewa ba ka sha'awa. Ka duba wayar ƙaninka ma.
7. A haɗa kai da mai unguwa da 'yan sintiri masu rajista, a gyara fitilun lungu. Haske da idon maƙwabta sun fi korar ɓarawo.

In an tare ka, ka miƙa wayar. Farm Centre cike take da wasu, rai kuwa guda ɗaya ne.

In kuma sha'awar haɗa abubuwa ce take jan ka, hannunka yana son sukurudireba, to ga gyaran waya, ga haɗa sola da inbata, ga sa kyamarar tsaro a gidaje da shaguna. Duka ana nema a Kano, duka suna kawo kuɗi, kuma babu wanda zai sa mahaifiyarka ta riƙa kai maka abinci Kurmawa.

Allah Ya tsare mu, Ya zaunar da unguwanninmu lafiya.